Cindo a Gidan Shugaba

A wani daji, wanda kogi ya tokare ta gabas, gonakin 'yan Adam suka tokare ta yamma, an yi wata tsohuwar gafiya ungozoma mai suna Tasalla. Duk mai yatsu a dajin nan, daga biri zuwa kurege, daga tunku zuwa jemage, ta hannunta ya bi ya shigo duniya. Ita ke yanke cibi, ita ke wanke jariri, ita ke gaya wa mai jego abin da za ta ci da abin da za ta bari. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa taka majalisa ba, don a ganinta aikinta ya ƙare da zarar jariri ya kama nono.

Makaranta ɗaya ce a dajin, a gindin wata tsamiya. Abin da ake koyarwa a wurin ba na wasa ba ne. A nan ake koyon gane tarko a ƙarƙashin ganye, da sanin 'ya'yan itacen da ke kisa, da ƙidayar kwanaki tsakanin ruwan farko da cikar kogi, da bambance haushin karen farauta da na karen gida. Wanda ya yi wannan karatu yakan kai ga furfura. Wanda bai yi ba, da wuya ya ga jikokinsa. Sai dai inuwar tsamiyar ba ta ɗaukar kowa, shi ya sa kowace shekara sai an yi rigima a kan ɗan wa za a ɗauka, ɗan wa za a bari.

Ana cikin haka wani zalɓe masani, Malam Tunau, ya nemi izinin yi wa majalisa bayani. Shekara biyu ya yi yana zuwa gindin tsamiya da tsinken gamba a baki, yana auna yatsun ɗalibai. Shugaban majalisa, wani gwaggon biri mai suna Barmo, ya sa a kira Tasalla ta zauna a gefe ko za a buƙaci shaidarta. Ta zo ta raɓe bayan wani kututture, tana mamakin abin da ya haɗa ta da manya.

Malam Tunau ya miƙe wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan abin da na gani zan faɗa, kuma ina roƙo a ɗauke shi da girmansa, kada a ƙara masa. Akwai wani sinadari da ke gudana a jikin mai ciki, yana ratsa ɗan tayi tun bai gama zama halitta ba. Na sa masa suna ruwan kaifi. Inda ya yi yawa, yatsa na huɗu, wato na kusa da ɗan ƙarami, yakan ɗara manuni tsawo. Inda ya yi kaɗan, sai su zo daidai, ko manuni ya ɗara. Na auna ɗalibai arba'in. A cikin waɗanda na huɗunsu ya fi tsawo, na ga sun ɗan fi sauran saurin ƙidaya. Ɗan fifiko ne, ranka ya daɗe, irin wanda sai an tara su da yawa ake ganinsa. A kan ɗalibi ɗaya ba ya nuna komai. Akwai mai dogon na huɗu da har yau bai iya ƙirga yatsun nasa ba, akwai kuma mai gajere da ya fi malaminsa. Ina so a ba ni shekara goma in ƙara dubawa."

Yawancin 'yan majalisa ba su bi bayanin har ƙarshe ba. Sai magatakarda ya tashi, wani dila mai laushin murya da ake kira Arzika.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "Allah ya saka wa Malam da alheri. Tawali'u ne ya sa yake rage darajar aikinsa, haka manyan masana suke. Amma mu da nauyin jama'a ke wuyanmu ba mu da shekara goma. Kowace damina iyaye suna zagin majalisa, suna cewa muna ɗaukar 'ya'yan 'yan'uwanmu. Yau ga ma'auni ya zo wanda bai san ɗan kowa ba. Tsinke ba ya karɓar gaisuwa, ba shi da suruki. Abu ɗaya kawai nake so in ji daga bakin Inna Tasalla. Inna, yatsun nan, jariri da tsawonsu yake zuwa, ko daga baya suke canzawa?"

Duk idanu suka juyo kanta. Ta faɗi abin da ta sani.

"Da tsarinsu suke zuwa, ranka ya daɗe. Girma kawai suke yi."

"Alhamdulillahi," in ji Arzika. "Masani ya faɗa, ungozoma ta tabbatar."

Kafin rana ta karkata an yi doka. Duk jaririn da aka haifa, ungozoma za ta auna shi a gaban shaida ranar suna. Wanda na huɗunsa ya ɗara manuni, ɗan makaranta ne. Wanda bai ɗara ba, idan ya tasa sai ya shiga ayarin gona, wato masu shiga gonakin mutane su ɗebo wa daji gero da gyaɗa. Masu kofato suka tambayi matsayinsu, tunda ba su da yatsu, aka ce za a kafa kwamiti. Malam Tunau ya buɗe baki sau biyu zai yi magana, sai aka sanar cewa an naɗa shi Babban Masanin Daji, an kuma ba shi wani tafki shi kaɗai. Ya rufe bakinsa.

Tasalla ta koma raminta tana juya maganar da ta faɗa. Gaskiya ce, ba ta ƙara ko kalma ba. Amma ga dokar da aka gina a kanta.

Da ɗaliban da ke gindin tsamiya aka fara. Aka jera su, Tasalla na aunawa, Arzika na kallo. Goma sha bakwai suka faɗi. A cikinsu akwai wani matashin biri, Nomau, wanda malamai ke sa shi ya karantar da na ƙasa da shi in sun gaji. Kaurin gashi ɗaya ya raba yatsunsa biyu. Ya kalli tsinken, ya kalli Tasalla, ya ce, "Inna, ki sake gwadawa, hannuna sanyi yake ji." Ta sake, bai canza ba. Darasin tarkon waya kuwa sai a shekarar ƙarshe ake yinsa, shi kuma saura masa wata huɗu ya kai. A fitarsa ta uku da ayarin gona, waya ta kama shi a wuya a bakin wata gonar gyaɗa. Da labari ya iso majalisa, wani ya ce wannan ya nuna awon bai yi kuskure ba, don mai kaifi ba zai sa kansa a waya ba.

Daga nan tsoro ya shiga kowane rami da kowane kogo. Masu ciki suka dinga cin saiwoyi masu ɗaci da aka ce suna ƙara ruwan kaifi, har biyu suka yi ɓari. Maza suka fara duba hannun mace kafin su nemi aurenta. Wanda ɗansa ya faɗi awo sai ya daina yi wa matarsa magana, tunda a cikinta ruwan ya gaza. Masu jego kuma suka koma ɗaura wa jarirai tsakuwa a yatsa na huɗu kafin ranar suna, ko ya miƙe. Tasalla ta ga yatsun da suka kumbura suka yi baƙi. Da majalisa ta ji, sai ta ƙara sashe a dokar: duk wanda ya taɓa halittar hannun jariri, ko ya yi ƙarya a awo, Kura, mai zartar da hukuncin majalisa, za ta cire masa yatsu biyu.

Wadda aka fara yi wa hukuncin ƙawar Tasalla ce, wata bushiya mai suna Marka, wadda ke karɓar haihuwa a ƙauyukan bakin kogi. Jikanyar ƙanwarta ta auna, ta ɗan lanƙwasa tsinken. Aka tara ungozomomi duka su kalla. Kura ba ta yi gaggawa ba. Ƙarar da Tasalla ta ji a ranar, irin ta busasshen kara idan an taka shi, ba ta bar kunnenta ba. Tun daga lokacin, duk sanda ta ɗauki tsinke sai ta ji nata yatsun suna tsami.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, aka aiko mata daga gidan shugaba. Ladingo, 'yar Barmo tilo, tana naƙuda. Tasalla ta ɗauki jakarta ta bi ɗan aike da sauri. Haihuwar ta zo da sauƙi, namiji, lafiyayye, mai ƙarfin kuka. Ta yanke cibi, ta wanke shi, ta buɗe dunƙulen hannunsa don ta goge tsakanin yatsu kamar yadda ta saba. Sai ta tsaya cak.

Yatsu shida ne. Cindo ba baƙon abu ba ne a wurinta, ta karɓi irinsu da dama. Amma yawanci ƙarin yakan fito ne a gefen ɗan ƙarami, yana reto, a ɗaure shi da gashin jelar ɓauna, kwana biyar ya bushe ya faɗi. Wannan kuwa a tsakiya ya fito, bayan dogon yatsa, da ƙashinsa da farcensa, gajere, bai kai rabin manuni ba. Na bayansa kuma dogo ne sosai. Ta duba ɗaya hannun, haka yake. In an ƙirga daga babban yatsa, na huɗu shi ne gajeren, jikan shugaba ya faɗi faɗuwar da ba a taɓa gani ba. In an tsallake shi, ya ci da rata.

"Inna, lafiya?" in ji Ladingo daga kwance. "Me ya same shi?"

"Lafiya lau, 'yata. Cindo ne."

Ladingo ta karɓe shi ta ƙirga da kanta. Ba ta jima ba ta gane. Ta rungume shi ta juya wa ƙofa baya.

Barmo ya shigo, ya kori kowa sai Tasalla. Ya daɗe yana kallon hannun jikansa, sannan ya zauna kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna Tasalla, ke kika karɓi haihuwar Ladingo, ke kika rufe idon uwarta. Ba zan ce ki yi komai ba. Tambaya kawai nake. A al'adarmu ta da, idan aka haifi cindo, me ungozoma ke yi?"

"Ɗaurewa take yi, ranka ya daɗe."

"To."

"Amma wannan da ƙashi a ciki. Kuma sashen da aka ƙara ya ce duk wanda ya taɓa halittar hannu..."

"Na san sashen, ni na sa masa hannu. Ban ce ki karya doka ba. Cewa na yi al'ada ta girmi doka. Ranar suna saura kwana bakwai. Na ji an ce kwana biyar sun isa."

"Baba, babu mai taɓa shi," in ji Ladingo. "Yadda ya zo haka zai zauna. Ni na ɗauke shi wata da watanni, ban ji inda ya gaza ba."

Barmo ya tashi ya fita. Tasalla ta tattara kayanta. Tana fitowa ta tarar da Arzika zaune a inuwar ƙofar gida, yana lasar dantse. Kowa a dajin ya san ya daɗe yana hangen kujerar Barmo.

"Barka da arziki, Inna. Na ji an samu ƙaruwa, har da ƙari." Ya yi murmushi. "Masu wanke tabarma bakinsu ba ya rufuwa. Shida aka ce mini, a kowane hannu. Zan zo ranar suna in ƙirga da kaina, ina fatan in same su shida. Kin dai ga Marka."

Kwana shidan nan Tasalla ba ta san ɗanɗanon abinci ba. In ta ɗaure, Kura na jiranta. In ba ta ɗaure ba, ita za ta tsaya gaban jama'a ta ce jikan shugaba ɗan ayarin gona ne, kuma ta san gwaggon biri ba ya mantuwa. Sau biyu ana aiko mata da gashin jelar ɓauna a naɗe cikin ganye, ba tare da an ce daga wa ba. Ta je tafkin Malam Tunau neman shawara, ta same shi tsaye da ƙafa ɗaya, ya yi ƙiba.

"Malam, a hannu mai yatsu shida, wanne ne na huɗu?"

"Inna, ni a kan masu biyar na yi bincike," in ji shi, bai ko dube ta ba. "Kuma na gaya musu tun farko. Kina wurin, kin ji na gaya musu."

Ba ta ɗaure ba. Ba jarumta ce ta hana ta ba, duk sanda ta ɗauki gashin sai ta ji ƙarar nan ta busasshen kara, hannunta ya ƙi.

Ranar suna aka mai da taron majalisa, don Arzika ya riga ya shigar da magana. Daji kaf ya hallara, har iyayen waɗanda aka kora daga gindin tsamiya, sun tsaya a baya. Kura ta kwanta kusa da kututturen da Tasalla ke zaune, tana hamma. Ladingo na tsakiya da jaririnta.

Arzika ya fara. "Ranka ya daɗe, ba ni da wata manufa sai kare mutuncinka. Doka ta ce na huɗu. Ba ta ce na huɗu in ya yi daɗi ba. Ko ɗan jemage ya san bayan uku sai huɗu. Mun kori 'ya'yan talakawa saboda kaurin gashi, sun tafi ba su yi gardama ba, wasunsu ba su dawo ba. Idan yau muka ce ƙidaya tana tsallake a gidan shugaba, da wane ido za mu kalli waɗancan da ke tsaye a baya? Ina roƙo a bar ungozoma ta yi aikinta, kowa ya gani."

Aka yi gunaguni na amincewa. Barmo ya ce, "Inna Tasalla, bismillah." Idonsa na kanta, bai ƙifta ba.

Ta taso da tsinke a hannu. Tsinken na kaɗawa har na nesa suna gani. Ta durƙusa gaban Ladingo, ta kama ɗan hannun, mai ɗumi, ya damƙe mata yatsa. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa, maganar da ta daɗe tana danne ta fito.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ni ba mai ilimi ba ce. Ban san wanne ne na huɗu ba. Kuma tunda yau zan rasa yatsu ko ta wace hanya, bari in faɗi abin da na gani. Awon nan, in na yi shi da safe daban, in na yi da yamma daban. Hannun dama daban, na hagu daban. In jariri na kuka ya dunƙule hannu, gajere ne, in ya yi barci ya saki, ya ƙaru. Tsinken ma in ya sha raɓa miƙewa yake yi. Na auna Nomau sau biyu a sanyi, na tura shi gona, ban sani ba ko da na jira rana ta yi zafi da yanzu yana nan. Na karɓi haihuwar yawancinku da ke zaune a nan. Na ga wanda ya zo da dogon yatsa ya tashi sakarai, na ga wanda ya zo da gajere ya riƙe gida. Abin da na ga yana raba su shi ne wa ya ƙoshi, wa aka zaunar aka koya masa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannuwanta gaba, tana jiran numfashin Kura. A baya wata uwa ta fashe da kuka. Na ɗan lokaci Tasalla ta ɗauka wani abu zai karye a dajin nan.

Sai Barmo ya yi gyaran murya. "Majalisa ta gode wa Inna. Ta nuna mana cewa awo yana buƙatar gyara, kuma za a gyara. Daga yau da hantsi za a riƙa yi, a hannun dama, da busasshen tsinke. Saura batun yaron nan. Babban Masani, ina da tambaya. Ka ce ruwan kaifi ne ke sa yatsa ya yi tsawo?"

Malam Tunau ya ce, "Haka na ce, ranka ya daɗe, amma..."

"In ruwan ya yi yawa ƙwarai, har yatsa ɗaya ya kasa ɗauke shi, ina ragowar za ta tafi?"

Malam Tunau ya dubi Kura, ya dubi wajen da tafkinsa yake. "Ban bincika ba. Amma ba zan ce ba zai yiwu ya fito ta wani wuri ba."

"Masani ya ce zai yiwu," in ji Barmo.

Wani tsohon tunku, wanda ɗansa ke neman aikin malanta, ya yi kabbara. Sauran suka ɗauka. Arzika ya dubi inda rinjaye ya karkata, nan take ya tashi ya ce dama abin da yake nufi ke nan, a fito da matsayin yaron fili don kada a raina shi. Shi da kansa ya tsara sabon sashen: cindo alama ce ta ambaliyar ruwan kaifi, mai shi ba ya buƙatar awo, wurinsa na gaba a gindin tsamiya. Aka raɗa wa yaro suna, aka yi guɗa. Tasalla kuma aka naɗa ta Uwar Awo ta daji duka, aka rataya mata sabon tsinke a wuya. Ta koma gida tana taɓa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta kasa yarda suna nan.

Bayan wata biyu aka kira ta can ƙarshen daji, kusa da gonaki, inda 'yan ayari ke zama. Wata kurege ce mai suna Yalwa, mijinta karnuka sun cinye shi tana da ciki wata ɗaya. Ta haifi namiji. Tasalla ta buɗe hannunsa, sai ta ga shida, gajere a tsakiya, da ƙashi da farce, kamar an kwafo daga gidan Barmo. Rabon da ta yi dariya har ta manta. Ta ce, "Yalwa, ɗanki ya tsira! Ko awo ba za a yi masa ba." Yalwa ta riƙe hannun tana kuka tana sumbatarsa.

Tasalla ta tafi da gudunta na tsufa ta kai wa magatakarda labari. Arzika ya saurare ta har ta gama, ya gyaɗa kai cikin tausayi.

"Inna, kin ruɗe ne saboda kyakkyawar zuciya. Cindo iri biyu ne. Akwai na ambaliya, wanda ake samu a gidan da aka san kaifi ya daɗe yana gudana. Akwai kuma tsiro, wanda rashin cin kirki ke kawowa. Uwar da ta yi cikinta tana cin ɓawon gyaɗa, daga ina ruwan zai yi ambaliya? Wannan ciwo ne, kuma al'ada ta san maganinsa. Ɗaure tsiro ba taɓa halitta ba ne, jinya ce. Kura za ta raka ki, hanyar can ba ta da kyau."

Ya miƙa mata gashin jelar ɓauna.

Da suka isa, Kura ta kwanta a bakin ramin, inuwarta ta rufe hasken. Tasalla ta shiga ta zauna, ta kasa ɗaga ido. Yalwa ta ga gashin a hannunta, ta ga inuwar da ke ƙofa, ba ta tambayi komai ba.

"Akwai wata ƙofa ta baya?" in ji Tasalla a hankali. "Ki ɗauke shi ki gudu."

"In je ina, Inna? Gaba gona ce, baya kogi ya cika. Kuma in na gudu ke za su kama." Ta warware zanin jaririn, ta fito da hannunsa, ta ɗora a kan gwiwar Tasalla. "Ki ɗaure. Ke kin iya, ba zai sha wuya sosai ba. In kika rasa hannu, wa zai karɓi haihuwarmu a nan? Sauran ungozomomin ba sa zuwa unguwarmu."

Tasalla ta ɗaure. Sau uku gashin na kuɓuce mata kafin ƙullin ya kama. Da ƙashi a ciki, don haka bai faɗi a kwana biyar ba, sai da ya yi tara, yaron na kuka har muryarsa ta dushe. Aka ɗaga ranar suna saboda shi. Da hantsi, a hannun dama, da busasshen tsinke, a gaban shaida, ta auna abin da ya rage. Kumburin ya janye na huɗun, manuni ya ɗara shi da kaɗan. Arzika ya ce Allah ya raya, ayari na buƙatar masu ƙarfi. Yalwa ta goya ɗanta, ta yi wa Tasalla godiya, ta ce ta san ba laifinta ba ne.

Daga ranar rawar hannun Tasalla ba ta tsaya ba, har ta kai ba ta iya riƙe cibi. Majalisa ta sallame ta cikin girmamawa, aka yi jawabai a kan amanarta, aka ba wata ƙanwar Arzika tsinken, wadda ba ta taɓa ganin naƙuda ba amma hannunta ba ya rawa. Tasalla ta koma ƙarshen daji kusa da Yalwa. Takan zauna da yaron a bakin rami, tana nuna masa da kara a ƙasa yadda waya ke kwanciya a cikin ciyawa, iyakar ɗan abin da ta tsinta a bakin waɗanda suka dawo daga gona.

Har yau ana awo a wannan daji, kuma ba a taɓa samun jinin ɗan majalisa da ya faɗi ba, abin da masana suka ce babbar shaida ce a kan ingancin tsinken.